Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Abin ya faru ne shekara shida bayan rasuwar maigidana, shekara biyu bayan iska ta kayar da mangwaron ƙofar gidanmu a Barkin Sale, a cikin dogon yajin aikin nan da malaman jami'a suka yi har ciyawa ta rufe hanyar azuzuwa. Bazara ce, azumi saura kamar wata guda. Ni ban yi boko ba, ban san lissafin kalanda ba, amma wannan lissafin nawa bai taɓa ɓace mini ba. 'Yata ta uku ce ke riƙe da biro ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Mu jikokin 'yan reluwe ne. Kakana ya biyo layin dogo daga Kano ya yada zango a Minna, maigidana ma a tashar jirgi ya ƙare aikinsa. Ni kuwa dakau na yi shekara talatin. Duk bikin da za a yi a unguwarmu ni ake kira in jera mata a bakin turame. Har yau in na damƙi hannun mace sai ta ji a ƙashinta.

Ɗan farina namiji ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Haka na tarar, haka na riƙe. “Kai” nake ce masa, in ba ya nan in ce “wancan”. Yana shekara tara ya kwance rediyon babansa ɗaiɗai ya baje a tabarma. Na ɗauki muciya na dake shi har ta karye a gadon bayansa. Bai yi kuka ba, washegari kuma rediyo tana magana. Ranar da aka ce ya ci jarrabawar tafiya ƙasar waje, mata suka cika gidan da guɗa, ni na shige madafi ina kankare tukunyar da babu ko ɗigon ƙanzo a cikinta.

Shekara takwas ya yi a can, ya dawo ana ce masa Dakta, ya kama koyarwa a jami'a. Ni ba zan tambaye shi aikinsa ba, sai ƙanwarsa ta tambaya ina daga gefe ina tankaɗe. Ya ce a can akwai kwamfutar da ta cika katafaren zaure, kuma a gaskiya dubban kwamfutoci ne aka haɗa da waya suka zama ɗaya, wutar da suke ci za ta ishi gari guda. Shi aikinsa raba musu aiki. Ƙanwarsa yake kallo, amma muryar ni ta nufo. Ya ce kamar lugude ne, mata huɗu turmi ɗaya: in wata ta yi gaggawa ko ta yi sanyi, taɓare su haɗu a sama a fasa wa wata goshi. Ya ce tun yana ƙarami yake kallon yadda ake jera mata a bikin unguwa, a nan ya fara koyo. Na ce wa ƙanwar ta tashi ta duba mini tukunya, surutu ya isa.

A nan gida ba shi da irin waccan. Sai ya bi ofisoshi yana tattara tsofaffin kwamfutocin da aka jingine, ya gyara mai gyaruwa, har suka kai arba'in da takwas, ya haɗa su da kansa. Lissafin ruwa suke yi masa: in an yi sama kaza, yaushe kogi zai cika, gonakin waɗanne ƙauyuka zai hau a wajen Kuta. Shekara huɗu yana kan wannan aiki, kuma da shi ne za a duba a ba shi farfesa. Da yajin aiki ya zo aka garƙame ofisoshi aka kashe wutar ginin, sai ya kwaso su a akori-kura ya jera a ɗakin babansa na bakin zaure. Ya shimfiɗa faifan sola a kan kwano, ya tara batura, ya ajiye janareta, ya sa na'urar sanyi saboda in suka yi zafi mutuwa suke yi. Wayar da ta shigo ɗakin daga falwaya ma da hannunsa ya cire ta. A gabana aka yi, ina zaune a kan kujerar tsugunno.

Sai aka yi wani biki a Tudun Fulani. A wurin akwai wata 'yar layinmu, tun muna 'yan mata ba ma ga maciji da ita, ɗanta ɗan kwangila ne ya saya mata mota. Ana tsakiyar cin shinkafa ta ɗaga murya ta tambaye ni wai da gaske ne Dakta ya koma sana'ar gwangwan, don ta ga ana sauke masa tarkace, in haka ne tana da tsohon murhu a bayan gida ya zo ya auna. Mata suka kwashe da dariya.

Shekara arba'in da huɗu ina riƙe da bakina a kan yaron nan. Ranar na sake shi. Na ajiye cokali na ce mata tarkacen da ta gani sun fi ta da ɗanta da motarsu hankali, suna ƙirga ruwan sama tun bai zubo ba. Na ga wurin ya yi tsit, daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da cewa:

“Abin da ke cikin ɗakin nan, wutar da yake ci a yini ɗaya za ta ishi gari guda.”

Na san ta ƙasar waje ce mai cin wutar gari. Na san tamu ko wutar falwaya ba ta taɓawa. Ina sane na haɗa su, don in ga fuskar matar nan ta faɗi, kuma ta faɗi. A keken da ya dawo da ni gida sai murmushi nake yi ni kaɗai.

Sati uku bayan haka taransifomar unguwarmu ta ƙone. Wata biyu cur babu wuta, ga zafin Minna na bazara da ke sa mutum ya ji kamar an kifa masa tukunya. Masu ƙanƙara suka rufe, masu aski suka koma reza, mai waldan da ke daura da mu ya wuni a kan benci yana kallon ƙofarmu. Duk layin, gidanmu kaɗai ke gurnanin janareta, ruwan na'urar sanyi yana ɗiga ta bango. Maganata kuwa ta riga ni dawowa daga biki, ta zaga gida-gida, ta yi ƙiba.

Da jifa aka fara. Dutse ya faɗo kan kwano ya tsaga faifai ɗaya. Sai aka zuba mana kashi a bakin zaure. Wata safiya a wurin famfo wata matashiyar mata ta ce a matsa wa uwar ɓarawon wuta ta ɗiba. Bokitin ƙarfe na ɗaga na kwaɗa mata a baki, leɓenta ya rabe biyu. Ta kafa mini haƙora a dantse, na danne ta a cikin taɓo na zauna a kanta ina kirɓa, sai da mata biyar suka ɓamɓare ni. Na dawo gida ina jin na yi maganin abin, ashe itace na ƙara wa wutar.

Shi kuwa ya je ya kira mai unguwa, ya zagaya da shi, ya nuna masa inda ya yanke waya. Mai unguwa ya gamsu ya faɗa a masallaci, amma mutumin da ya kwana yana fifita ba ya jin irin wannan bayani. Da yamma ɗana ya tsaya a tsakar gida yana cewa shi abin da ya ɗaure masa kai, daga ina maganar cin wutar gari ta fito. Ina tsince shinkafa. Ban ɗago ba.

Aka gyara taransifoma, wuta ta yi kwana tara. Rana ta goma da hantsi muka ji ƙara kamar an fasa dutse. Wayar sama ta tsinke ta faɗo a kan ƙanen mai walda, magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana tura babur ɗinsa na acaɓa zai fita. Na leƙa na gan shi. Hannayensa sun manne da kan babur, rigarsa tana hayaƙi, ƙafarsa tana dukan ƙasa, mutane sun yi da'ira babu mai iya taɓa shi. Da aka zare wayar da gora ya riga ya cika. Warin bai bar layin ba har azahar.

Bayan sallar azahar aka kai shi. Daga maƙabarta ba su watse ba, kuma ba su mayar da diga da shebur ɗin haƙan kabari masallaci ba.

Maƙwabciyata ce ta fara hango su. Bagwariya ce 'yar Kuta, mai sayar da doya, shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu, ranar Kirsimeti ta miƙo mini shinkafa, ranar Sallah in miƙa mata nama. Ta taka turmi ta leƙo tana haki.

“Mama, suna zuwa da diga. Ka fito da Dakta ta gidana, ka bar kaya.”

Na faɗa masa. Ya ce babu inda za shi, mutanen da ya tashi a cikinsu ne, zai yi musu magana. Ya fita ƙofar zaure da hannuwansa a buɗe, ko hula babu. Na ɗauki taɓaryata ta ƙirya na tsaya a bayansa.

Sun fi mutum ɗari, jar ƙasar kabari har gwiwoyinsu. Mai walda ne a gaba, idonsa kamar garwashi. Ɗana ya yi masa ta'aziyya, ya ce a zaɓi mutum uku su shiga su duba, in suka ga waya ɗaya da ta haɗa ɗakin da falwaya, shi da kansa zai fasa komai. Na ga wasu dattawa sun fara gyaɗa kai. Sai wani daga baya ya ce:

“Ƙarya kake, Dakta. Uwarka ce ta faɗa da bakinta a Tudun Fulani.”

Ya juyo ya dube ni. A gaban mutane, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Yana cikin kallona aka sauke masa bayan shebur a haƙarƙari. Na ji ƙarar ƙashin. Ya durƙusa, wani ya tokare shi a fuska, suka rufe shi da ƙafafu.

Abin da na yi ba na kunyarsa. Wanda ya riƙe shebur ɗin na fara samu, na sauke masa taɓarya a dantse, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Na biyu a baki na same shi, ya tofar da haƙora a kan zanina. Shekara talatin ina daka, na san inda nauyin taɓarya yake. Na tsaya a kan ɗana ƙafa ɗaya nan ɗaya can ina juya ta, aka buɗe mini fili. Sai rabin bulo ya zo ta gefe ya same ni a goshi. Ga tabon nan, ɗan kwali ba ya rufe shi. Na faɗi, jini ya cika mini ido ɗaya, wani ya taka mini yatsu ya wuce.

Da diga suka ɓalle ƙofar ɗakin. Sanyin ciki ya bugo su suka ɗan tsaya, suna kallon ƙananan fitilu kore da ja suna ƙyaftawa a jere, sai wani ya ce ga wutarmu nan, suka afka. Suna fizgo kwamfutocin da wayoyinsu suna jefowa waje, ana bi da shebur ana farfasawa. Wasu suka hau kwano suna ragargaza faifan. Wani ya ɗauko jarkar man janareta ya zazzaga daga ƙofa har ƙurya. Ban ga wanda ya ƙyasta ashana ba. Wutar ta tashi da gudu, baturan suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya suna watso ruwa mai cin fata, taron ya ja baya ana ture juna.

A nan ne ɗana ya miƙe. Hannu ɗaya a haƙarƙari, jini yana zuba ta hanci, ya nufi ƙofar. Na san abin da zai ɗauko. Akwai wani baƙin akwati a ƙuryar ɗakin, bai fi a rungume shi ba, a ciki aikin shekara huɗun yake. Ya taɓa gaya wa ƙanwarsa yana da na biyu mai irin abin da ke cikin na farko, saboda tsaro. Amma da aka kulle ofis duka biyun ya kawo, suna nan gefe da gefe a kan teburin babansa.

Maƙwabciyata ta tsallako katanga ta rungume ƙafarsa, ya ja ta a ƙasa har gwiwarta ta sale. Mai walda da kansa, wanda ya jagoranci mutanen, ya damƙi rigarsa ta baya yana cewa mutum ɗaya ya isa a yau, rigar ta yage a hannunsa. Ni ina ƙasa inda bulo ya kayar da ni. Na ce masa “kai”, na sake cewa “kai”. Duk layin “kai” ake cewa, tawa ta ɓace a ciki. Ya sa ƙafa a dokin ƙofa, hayaƙi ya haɗiye kansa.

Sai na kira sunansa. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, da muryar da nake tsayar da mata goma a bakin turmi.

Ya tsaya cak. Ya juyo da baya, ya yi taku ɗaya zuwa wajena, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci. A daidai nan rufin ya rufto, kwano da katako da faifan sola, a kan inda zai kasance da ya ƙara taku uku. Harshen wuta ya biyo ƙofa ya lashe masa kafaɗar hagu da bayan wuya. Maƙwabciyata ta kwance zaninta ta lulluɓe shi tana bugawa. Mutanen suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, suka bar diga biyu a ƙofar gidana.

A asibiti gadonsa yana ɓangaren maza, ni an ɗinke mini goshi an sallame ni. Kwana uku ina zuwa in ajiye kunu in fita. Rana ta huɗu na zauna a bakin gadon, na juya masa baya, na faɗa masa duk yadda aka yi a bikin, da tsohon murhun, da abin da na ce, da cewa ina sane na ce. Can ya ce:

“Inna, wutar gida nawa kika ce?”

Na ce gari guda.

Ya fara dariya, haƙarƙarin ya kama shi, dariyar ta koma tari, hawaye yana bin kunnensa. Da ya lafa ya ce ashe dai ana yabonsa, shi ne ba ya wurin. Ya ce aikin ya tafi, babu abin da zai dawo da shi, kada in ƙara tayar da maganar. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce in sake kiran sunan nan nasa, sau ɗaya, yanzu da babu hayaniya, don bai ji da kyau ba. Na ce ya sha kununsa kafin ya huce.

An kama mutum bakwai, ɗana ya ce a bar mai walda ya je ya riƙe marayun ƙanensa, aka bi ta hannun manya aka kashe maganar. Ma'aikatan wuta da suka zo daga baya suka ce unguwar ce ta yi wa taransifomar yawa, gidaje sun ninka tun da aka kafa ta. Ta sake ƙonewa sau biyu bayan ɗakinmu ya zama toka. Babu wanda ya zo ya ce mini komai, ni ma ban je famfo na tuna wa kowa ba.

Sa'o'insa duk suka riga shi zama farfesa. Damina biyu bayan gobarar kogi ya hau gonakin su maƙwabciyata a wajen Kuta ya kwashe doyar yayanta kaf. Da labarin ya zo ɗana ya ce ko da aikin ya kammala ba lallai ne a ce ya hana ba, amma ranar bai ci tuwo ba. Ya sake tattara wasu kwamfutocin, ya faro daga farko, shekara biyar. Yanzu farfesa ne, injin nasa yana da ɗakinsa a jami'a, ana gayyatarsa ƙasashe ya yi bayani. Riga mai wuya yake sawa ko ana zafi. Na ji an ce har yau da lugude yake fara wa sababbin ɗalibai darasi. An ce ne, ni ban tambaya ba.

Mai unguwan ya rasu. Uwar ɗan kwangila ta rasu, na je gaisuwa na zauna har aka yi addu'a. Wanda na karya wa hannu ya koma garinsu, ban san ko yana raye ba. Mai walda yana nan, ya tsufa, in na wuce yakan miƙe ya gaishe ni, ina amsawa. Matar da na fasa wa leɓe tana nan, 'yarta ma ni na jera mata mata a bikinta. Maƙwabciyata tana nan, gwiwar tana damunta in hadari ya haɗu. 'Yata mai rubutun nan tana nan, yanzu ma ta ɗago biro tana tambaya ko za a sa sunan yayanta a takardar. Na ce ta rubuta wancan. Yana nan.